Marin da Ban Kauce Masa Ba

Zuwa ga tsawar daminata, garwashin zuciyata, maigidana mai hannun ƙarfe, wanda in ya yi dariya ɗaki ya haskaka, in ya fusata ƙasa ta girgiza,

Da leɓe a kumbure nake rubuto maka, amma wallahi ba leɓen ke min zogi ba. Abin da ke cina shi ne matashin kan da ke gefena a gado, wanda har yanzu yake ƙamshin ƙarfe da hayaƙin walda, alhali mai shi ya koma kwana a shago kan kwali, ya rantse ba zai taka gidan nan ba sai na bar fim.

Ka tuna yadda muka haɗu, ya ruwan sanyina? An kafa ƙaton allon tallar man shafawa a bakin titi, da fuskata a jiki, kai kuma aka ɗauko ka ka liƙe ƙarafunansa. Na zo kallon kaina a ɓoye, sai na hango wani mahaukaci a can sama, rataye kusa da idona, idon da ya fi kanka girma, tartsatsin wuta na zubo masa kamar taurari. Ka leƙo, ka dube ni, ka dubi allon, ka ce ta ƙasan ta fi kyau, sai dai ta saman ta fi haƙuri, tun safe kake hura mata wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ashe bakinka ya faɗi abin da zai jawo mana wannan masifa!

Abin da tallar kaya ta koya min ke nan, masoyina: kada ki motsa. Fitila ta gasa ki, ƙuda ya sauka a hancinki, takalmi ya yanke ki, ke dai ki ƙame kamar gunki har mai hoto ya gama. Shekaru na yi ina ƙamewa har ya zame min jiki. Fim kuwa akasin haka yake so. In za a mare ki, darakta ya ƙirga, a na uku ki watsa kanki gefe, hannun ya wuce ta iska, wani can bayan kyamara ya tafa hannu a samu ƙarar. Mun gwada, na iya. Amma da fitilun nan suka kunnu, kyamara ta zuba min ido, sai jikina ya koma tsohon aikinsa. Na ɗaga haɓa na tsaya cak. Tafin Kawu ya sauka gaba ɗayansa.

Kawu fa! Dattijon nan da yake fitowa a mugun uba, wanda duk wurin aikin kowa ke kiransa Kawu, wanda yake tsayar da aiki in ya ga an bar ni da ƙishirwa. Kafin in gama jin zafin, har ya riƙe kansa yana salati, idonsa ya ciko. A daidai lokacin ka shigo, riƙe da littafina da na manta ƙarƙashin matashi, don ka san ba na iya zaman jira ba tare da shi ba. Ka ga matarka a ƙasa, jini har wuya. Ina za ka san rabinsa jan ruwan sukari ne da mai kwalliya ta ɗura min a baki? Ni kaɗai na san bambancin, domin na ƙarya zaƙi gare shi, nawa kuma gishiri.

Wayyo, zakina! Ban taɓa ganin guguwa a cikin ɗaki ba sai ranar. Ka fizgi ƙarfen fitila kamar kara, gilashi ya tarwatse, ka sauke shi a dantsen Kawu. Na ji ƙarar ƙashin, ƙas, kamar an taka busasshen reshe. Ka shaƙe shi da hannun nan da kake shafa gashina, ka haɗa kansa da bango, haƙorinsa ya faɗo kan shimfiɗa. Maza suka rufe ka, ka watsar da su kamar kaji. Ina ihu ina cewa wasa ne, kai kuwa kunnenka ya toshe, idonka ya zama garwashi, har ka dube ni ba ka gane ni ba.

Sau nawa na karanta maka irin wannan kana kwance a cinyata? Jarumi ya iso, ya ragargaza wanda ya taɓa masoyiyarsa, ni kuma in rungume littafin in ce dama ni ce. To, ga shi na samu. Amma a littafi babu ƙarnin jini, babu matar Kawu zaune a barandar asibiti tana kuka ba sauti. Littafin da ka kawo min yana nan, ya sha jini ya bushe, shafukansa sun manne. Na kasa buɗe shi, ban ma so.

Yanzu ka saurare ni da kyau, hasken idona. 'Ya'yan Kawu maza sun zo ƙofar gidan nan da gorori da sarƙar babur suna tambayar inda shagonka yake. Yayanka ne ya tare su da magiya. Na san ka, ba za ka gudu ba, za ka ɗauko guduma, kuma cikinku wani ba zai tashi ba. In kai ne, me zan yi da wannan fuskar da duk gari ke kallo? In ɗansa ne, ta tsakanin ƙarafunan kurkuku zan riƙa ganinka har gashina ya yi fari?

Na je asibiti. Kawu, da bakinsa a ɗaure, ya kira ni 'yarsa, ya ce min shi ma da ya shigo ya tarar da tasa matar haka, bai san abin da zai aikata ba. Ya ce ka zo da ƙafarka ka gaishe shi a gaban yaransa, magana ta mutu a nan. Don girman Allah ka je. Kai da kake lanƙwasa ƙarfe da wuta, wuyanka ne zai gagare ka? Ka durƙusa masa, wallahi a idona sai ka fi tsawon allon nan da na fara ganinka a kai.

Fim kuwa, ranka ya daɗe, ba zan bari ba, kuma ba zan yaudare ka in ce zan bari ba. A talla fuska kawai nake, ba a taɓa jin muryata ba. A nan ne aka fara ba ni magana. Darakta ya ce in dantsen Kawu ya haɗu za a sake ɗaukar wurin, da shi, da ni, da marin. Ina so ka zo. Ka tsaya bayan kyamara, kuma na roƙa an yarda, kai za ka tafa hannun da zai ba da ƙarar. Ka ƙirga tare da ni, ka ga yadda matarka ta koyi kaucewa.

Taka ce ni, da leɓe fasasshe ko lafiyayye, a kan allo ko a tsakar ɗakinka, har ranar da za a rufe wannan fuskar da ƙasa. Ƙofa ba a kulle take ba. Amma ka biyo ta asibiti tukuna.

Matarka,
ta ƙasan, wadda ba ta kai ta saman haƙuri ba