Na ga matsalar ɗana tun yana jariri, kunya ta sa na yi shiru

Assalamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya daina aiki.

Maigidana direba ne a wani gida a Nasarawa GRA, a ɗakunan baya muke zaune. Ɗanmu na fari shekararsa bakwai, tun yaye yana ƙauye wajen Inna, mahaifiyar maigidana. Da hutun nan aka kai shi kaciya, wanzami ya duba ya ce shi ba zai taɓa yaron nan ba, marainansa gefe ɗaya babu komai, a kai shi asibiti. Aka kawo shi Kano aka yi hoto, likita ya ce ƙwayoyin biyu duk gefen dama suka bi, ɗaya ta maƙale a matsematsi, da haka aka haife shi kuma ba kasafai ake gani ba. Ya ce tiyatar tun yana goye ya kamata a yi, yanzu za su sauko da ita amma bai yi alkawarin za ta yi amfani ba. Ya tambaya ko babu wanda ya lura, na ce ban sani ba.

Ƙarya na yi. Na gani tun kafin mu yi arba'in, ina canza masa tsumma. To ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, da wane bakin zan tari surukata da zancen gabansa? Na ce zai daidaita, na rufe shi.

Ranar da muka dawo daga asibiti ko hawaye ban yi ba, shinkafa na ɗora. Shi kuwa maigidan laifin duk ya ɗora wa Inna, wai shekara biyar tana yi masa wanka ba ta gani ba, alhali ya san idonta ba lafiya. Ya kira ta a wayar maƙwabta ya faɗa mata maganar da ɗa ba ya faɗa wa uwa, yanzu kwana tara bai gaishe ta ba. Da yake faɗa mata, ina zaune a wurin ina tsince wake.

Alhamis za a shiga da yaron tiyata. Jiya Inna ta ari waya ta kira ni, wai in yafe mata, na ba ta amana ta lalata. Na ce ba komai Inna, na yafe.

In na faɗa masa gaskiya wataƙila auren ya ƙare, in na yi shiru yana cikin fushin uwa saboda ni. In faɗa kafin Alhamis, ko bayan an fito da yaron, ko in mutu da ita?