Askin Juma'a

Zuwa ga Maigida, Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta wadda ta daɗe ba ta ji muryarka ba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Tsufa ya kama ni, amma shekarar da ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu tana nan a idona. Aka watsu, wasu Kiru, wasu Tudun Wada, mu muka sauka kusa da Bebeji. Kai da kake wanzamin gari guda, ka wayi gari babu kan da za ka aske. Kafin kaka ta zagayo, hannunka na dama ya shanye.

Suma ta taru maka. Na ce a kira wanzamin unguwa, ka juya fuska bango. Ba ka son baƙo ya ga yadda ka koma.

Wata safiya ka sa na ɗauko zabirarka. Ka ce in ɗaure fatar wasa aska a dirkar rumfa, in ja ta sai ta miƙe sosai. In kwantar da askar, bayanta ya yi gaba, kaifin ya bi shi, in na kai ƙarshe in juya ta kan bayanta in dawo. "Kada ki danna, Hajara. Shafawa ake yi."

Jan farko na zabge fatar nan da ka gada wurin mahaifinka. Sai na ji kana dariya da rabin bakinka, dariyar da rabona da ita tun ranar da muka loda kaya a mota.

Na yi kwanaki ina wasawa kana saurare, idonka a rufe. Da kunne kake kama kuskurena. Sai da ƙarar ta yi maka, sannan ka sunkuyo mini da kai. Na jiƙa shi da ruwan ɗumi, na yi bisimilla.

Haka muka riƙa yi duk Juma'a, ƙofa a rufe, har lokacinka ya yi.

A zaman makoki ƙanenka Sale ya tambaye ni wane wanzami ne yake zuwa maka. Ya ce wajen wankan gawarka ya ga kanka sumul, ko ƙwarzane babu, yana so ya je ya yi wa mutumin godiya. Na ja mayafi na rufe fuska. Har Sale ya bi ka bai sani ba.

Allah ya haskaka kabarinka, Malam. Ya mayar maka da hannunka lafiyayye a Aljanna, ya sada mu.

Matarka,
Hajara