Kiɗan Kuregen Baban Jessica

Dei-Dei, Abuja.

Zuwa ga Yaya Patricia,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara, kuma ruwan Fatakwal bai hana ki fita ba. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, ya ƙara miki ƙarfi. Mu ma muna nan lafiya. Jessica ta gama jarrabawa tana gida tana cinye mana abinci, ni kuma ina fama da keken ɗinkina kamar kullum. Da na ji ɗan cocinmu Innocent zai taho wajenku sai na ce bari in zauna in rubuta, don labarin ƙaninki Abednego ya fi ƙarfin 'yar gaisuwar da muke yi a waya.

Kin san abin da ya faru ranar da tayar tirela ta fashe kusa da shi a wurin mai faci, bakin kasuwar katako. Likita ya ce dodon kunnuwansa duka biyun sun yage, wataƙila su haɗe da kansu, wataƙila kuma a'a, sai dai a jira. Abin da na ɓoye miki shi ne yadda jiran ya cinye shi. Mutumin da ya yi shekaru yana jagorantar mawaƙan cocinmu, wanda ko mace ɗaya ce ta kauce wa murya a layin baya sai ya juyo ya harare ta, shi ne ya koma zaman falo yana kallon bango. Ya daina zuwa sujada, ya ce ba zai je ya yi ta kallon bakunan mutane suna motsi ba. Yaya, na ji tsoro ƙwarai. Na ga Abednego yana ficewa daga hannuna alhali yana zaune a gabana.

Jessica ce ta sa masa wani wasa a waya don ya rage zaman banza. Wani ɗan kurege ne da jaka a baya, yana gudu yana tsalle daga tudu zuwa tudu yana tsintar 'ya'yan itace, in ya yi kuskure ya faɗa rami a sake daga farko. Da fari ya ture wayar, ya ce shi ba yaro ba ne. Kafin mako ya zagayo sai an yi da gaske yake ajiye ta ya ci tuwo. Matsalar ita ce wasan yana da kiɗa, 'yar taki kuma ta bar ƙarar a ƙure, shi kuwa bai san ma akwai wani kiɗa ba. Daga safe har yamma gidan nan a cike yake. Har Maman Elvis maƙwabciyarmu ta leƙo ta tambaya ko mun buɗe gidan biki ne. Na so in rage, amma wayar ba ta barin hannunsa, kuma na kasa gaya wa shugaban mawaƙa cewa ana ta kiɗa a tafin hannunsa bai sani ba.

To da yake ba yadda zan yi, sai na fara saurara, kuma raina kama ka ga gayya. Ashe kowane wuri da kuregen ya shiga da nasa kiɗan. In yana daji, wani kiɗa ne mai tsalle-tsalle kamar ana buga katako, har ƙafata kan bi shi a kan keke ban sani ba. In ya faɗa kogo sai komai ya yi ƙasa, ya koma dum, dum, irin tulun da matan zumunta ke bugawa, da ɗigar ruwa can nesa. A cikin ruwa kuwa molo ne a hankali, mai sa mutum tuna gida, ranar farko har na tsayar da ɗinki. Akwai hamada mai wani abu kamar goge, sannan in lokaci ya kusa ƙarewa duk kiɗan sai ya hau gudu har gabanka ya riƙa faɗuwa. Ina kicin nakan san inda ƙaninki yake, in san ya faɗa rami tun kafin ya yi tsaki. Duk wanda ya tsara waɗannan kiɗe-kiɗe ya san aikinsa, kuma abin ya riƙa yi mini ciwo, don wanda ya fi kowa iya yaba su a gidan nan shi ne ba ya ji.

Wata Asabar ya kira Jessica da faɗa, wai ta lalata masa waya. Ya ce duk sanda ya shiga kogo sai wani abu ya riƙa bugawa a ciki, a kai wa mai gyara. Muka kalli juna ni da ita. Ta karɓi wayar ta fito da kuregen daga kogon, ya ce ya daina. Ta mayar da shi, ya ce ga shi nan ya dawo, har yana buga shi da yatsa a hannun kujera, daidai ba kuskure. Ni dai zanina na kai baki. Jessica ta matsa kusa da kunnensa ta ɗaga murya ta ce masa ba lalacewa ba ce, kiɗa ne, kuma tun ranar farko yake nan. Ya karɓi wayar ya ƙura mata ido. Daga baya ya share ido ya ce a mayar masa da wasan tun daga farko, zai bi wuraren ɗaya bayan ɗaya ya ji abin da ya wuce shi.

Haka aka yi ta yi, sannu ba ta hana zuwa. Sautuka masu kauri ne suka fara dawo masa, sannan katakon daji, sannan molon ruwa. Kowanne ya iso sai mun sha bayani: wai nan an sa murya biyu suna amsa wa juna, can kuma mai ganga ya bar gurbi da gangan. Har kushe ya fara, ya ce na hamada ya cika hayaniya, a nan na san mutumina yana dawowa. Da muka koma asibiti likita ya duba ya ce dodon kunnen dama ya haɗe sarai. Na hagu yana baya, yana kuma yi masa ƙugi, kuma ba a yi mana alkawarin zai dawo duka ba. Saura siraran sauti, waɗanda likitan ya ce su ne na ƙarshen dawowa, in za su dawo.

Shekaranjiya na fito da wanki na same shi ya kai wani wuri a cikin gajimare, ya tsayar da kuregen cak a kan tudu, ba gaba ba baya, har lokaci ya ƙare. Aka sake, ya ƙara tsayawa. Ni kuwa a watannin nan na saba da magana a bayansa yadda na ga dama, tunda ba mai ji. Sai na yi ƙasa da murya na ce ga tsoho da furfura ya zauna wasan yara, wasan ma ya gagare shi. Bai ko juyo ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce Lucy, in kin gama zagin ki yi shiru, akwai wata 'yar sarewa a nan kina rufe mini ita. Yaya, a kan wankin na zauna ina kuka ina dariya, shi kuma yana ta ce mini in yi a hankali.

Ki gaida maigida Zacharias, da Sandra da mijinta, da Friday in ya zo hutu. Jessica tana gaishe ki, Maman Elvis ma haka. Ƙaninki ya ce ba zai ba da saƙo a takarda ba. Wai ki kira shi ranar Lahadi bayan an taso daga coci, shi zai ɗauka da kansa.

Taki ƙanwa,
Lucy Yamusa