Ƙwaryar da Kika Kife Ranar Kamun Hadiza

Zuwa ga ƙawata kuma maƙwabciyata, Rifkatu Maman Ladi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da Malam Yohanna da su Ladi da jikoki. Mu nan Daura sai godiyar Allah. Tun da maigidanki ya ajiye aikin duba dabbobi kuka koma garinku, lambar da kika bar mini ta daina shiga. 'Yata Hadiza ce ta ce in rubuta ta sa a shafinta na yanar gizo, ko cikin 'ya'yanki wani zai gani ya karanta miki. Masu karatu su yi haƙuri, magana ce ta mata biyu da katanga ɗaya ta raba shekara goma sha ɗaya.

Kin tuna bikin Hadiza, shekarar da aka soma shari'ar Musulunci. An hana kiran makaɗa, ni kuwa na yi murna da hanin, don ko kafin nan kunnena bai saba da kiɗa ba. Amma ranar kamu tsakar gida ta cika da mata, kowa ta yi jugum. Dangin ango da suka zo daga Sandamu har ɗaya ta tambaya ko rasuwa aka yi. Hadiza na ɗaki tana ji. Uwarta ce ni, na san lokacin da kukan amarya ya tashi daga na al'ada ya koma na gaske.

Ke kina bakin turmi ana dakan fura. Kika soma lugude, kina cilla taɓarya sama ki tafa kafin ki cafe. Mata suka ɗan motsa. Da dakan ya ƙare sai kika jawo babbar ƙwarya, kika kife ta cikin ruwan baho, kika kama bugu da ludayi biyu kina yi wa amarya waƙar sunanta. Ni na shige ɗaki, ban tsaya ba. Amma ban hana ki ba, kuma daga inda nake na ji dariyar 'yata.

Kafin Lahadi labari ya kai majami'arku. A lokacin ne kika fahimtar da ni abin da ban sani ba, cewa ku ma kuna da taku jayayyar. Matasanku da faston da aka kawo sabo suna cewa kayan kiɗa ba su da laifi, Annabi Dawuda ma ya yabi Ubangiji da su, abin dubawa shi ne wa ake kira. Dattawa kuwa, Baba Ɗanjuma a gaba, sun ce ban da ƙwarya da garaya, don da su iyayensu suka kira iskoki a gidan bori. Kika ce mini kada in ga baƙinsa, shi da hannunsa ya fasa garayar ubansa ranar da aka yi masa baftisma ya zama Kirista, kuma har ya tsufa in ya ji sautin ƙwarya jikinsa rawa yake.

Aka ce za ki gurfana gaban dattawa. In sun tabbatar kin buga, za a sa ki horo: ba cin jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da kuke ci a majami'a, ba jan waƙa a ƙungiyar zumuntar mata, sai bencin baya. Ke kuwa jan waƙar nan ita ce ranki.

Nan ne nake jin kunya, Maman Ladi. Ni da na yi sauka a gaban mahaifina, ni da ake cewa ba na cin abin da ban san asalinsa ba, ni na leƙo ta katanga na ba ki dabara. Na ce ki ce lugude ne. Lugude ai aiki ne, ba malami ba fasto da zai kira shi kiɗa, kuma da shi kika fara, ba ƙarya kika yi ba. Har na ce zan sa hijabina in zo in ba da shaida a kan haka.

Kina tankaɗe, ko ɗagowa ba ki yi ba. Kika ce, “Yaya Binta, da taɓarya na fara, amma da ludayi na gama. Wanda zan ci jibinsa yana wurin.”

Ladi ta ba ni labarin yadda kika tsaya. Ta ce kin ce kin kife ƙwarya kin buga, ba wanda ya sa ki. Da Baba Ɗanjuma ya nemi ki ce kin yi wa iskoki hidima, kika ce wannan kam ba za ki faɗa ba, don sunan yarinya kika kira, yarinyar da kika goya tana zazzaɓi. Horo kuma kika ce kin karɓa hannu biyu, tun da su ne iyaye. Ba ki rage laifin ba, ba ki kuma ƙara wa kanki wanda ba ki yi ba.

Wata uku. Kowace Asabar da la'asar kin saba bitar waƙoƙin gobe kina wanki, ni kuma nakan ja tabarmata can nesa da katanga. A watannin nan sai ƙarar wanki kawai. Ban zaci shirun zai dame ni ba. Kina shigowa karɓar garwashi kina raha kamar kullum, ko sau ɗaya ba ki ce saboda 'yata ne ba. Na yi istigfari a kan shawarata ba adadi, amma bakina ya kasa buɗewa a gabanki.

Da wa'adi ya cika, Ladi ta ce Baba Ɗanjuma da kansa ya miƙe. Ya ce ra'ayinsa kan ƙwarya yana nan, zai mutu da shi. Amma ya ji an nuna miki hanyar ɓuya bayan turmi kin ƙi bi, don haka bai ga bakin da ya fi naki cancantar jan waƙa ba. Ba ki taɓa gaya wa kowa wace ce ta nuna miki hanyar ba. To yau na faɗa da kaina: ni ce.

Har gobe ba na sauraron kiɗa, ke ma na san ba ki bar naki ba. Amma in ɗalibaina na Islamiyya suka tambaye ni mene ne rabin gaskiya, labarinki nake ba su, kuma ina faɗa da alfahari cewa maƙwabciyata ce.

Ki yafe mini, 'yar'uwata. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya zuriyarki, Ya bar miki muryarki har tsufa. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki da rai, ta same ni ni ma ina jiran amsa.

Taki har kullum,
Binta Maman Hadiza, Daura.