Gumbar Murja

Peckham, London
9 ga Fabrairu, 1976

Zuwa ga ƙanwata Hansai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara da duk mutanen Funtuwa. Yaya ciwon gwiwar? Ni dai alhamdu lillahi. Likita ya ce ciwon ƙirjin bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba.

Kin tambayi yadda nake wuni. Ɗana Uwaisu da sassafe yake fita ofishinsu, inda suke sayen injuna suna aikawa gida, tunda arzikin mai ya sa kowa sayayya yake yi. Matarsa Khadijatu tana kula da ni ƙwarai, amma kunyar suruki ba ta barin ta zauna inda nake. Ta durƙusa, ta ajiye abinci, ta fita. Sai in zauna bakin taga a hawa na huɗu ina kallon bas-bas. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, yau sai in wuni ban furta kalma ashirin ba.

Sai jikata Murja, shekararta tara. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, shi ma a taƙaice.

Ga labari ɗaya mai daɗi. Wata nas 'yar Jos, Malama Eunice Dung, ta tara yaran mutanenmu goma sha biyu, Musulmi da Kirista, za su yi wasan kwaikwayo da Hausa a zauren ƙaramar hukuma da ke bayan titin Rye Lane. Babu wanda ya taɓa hawa dandamali a cikinsu. Labarin akuya ce da ta ɓata ranar kasuwa, Murja kuma ita ce tsohuwa mai ƙosai. Malamar ta roƙe ni in riƙa zuwa ran Asabar ina gyara musu Hausa. Na amsa tun ba ta rufe baki ba. Murja ce za ta riƙa riƙe mini hannu a hanya.

A gaida kowa da kowa.

Yayanki,
Maharazu

1 ga Maris, 1976

Ƙanwata Hansai,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan jiki ya yi sauƙi. Takardarki ta iso, na gode da addu'a.

Hansai, na yi ɓarna da bakina.

Asabar biyu abin yana tafiya daidai, in ban da Rhoda, wadda ke fitowa a akuya, da ba ta iya kuka sai dariya ta ƙwace mata. Murja ta fi kowa iyawa. Ta ɗaura zanen uwarta, ta ranƙwafa, tana jan ƙafa irin tafiyata, har da tarina. Daɗi ya cika ni. To, kin san yadda kaka yake nuna wa jika daɗinsa. A gaban yaran na ce wannan mummunar tsohuwa ko kyauta ta ba ni ƙosanta ba na ci, raguwa ce, na fasa auren, a nemo mini wata. Na tsaya ina jira ta rama, yadda jikokinki suke yi miki.

Ba ta rama ba. Ta kwance zanen, ta ninke shi, ta ce wa Malama Eunice ta daina wasan.

Ashe babu wanda ya taɓa gaya mata akwai wasa tsakanin kaka da jika. Ina za ta sani, ba ta taɓa ganin kaka ba sai da na zo? Ita a wurinta, malamin da aka kawo ya gyara musu ne ya ce ba ta iya ba. Tun ranar ba ta shigo ɗakina ba. Na ba ta haƙuri da Turancinmu na makarantar midil, ta ce ba kome, ba tare da ta dube ni ba. Wasan saura mako uku, kuma in ba ta koma ran Asabar ba, wata yarinya za a ba matsayinta.

Jiya na kira Murja, na ba ta labarin kakarmu Iya Tasalla. Kin tuna yadda take ce mini mai kan tulu, ni kuma in ce mata mai haƙori ɗaya, in sace mata goro in gudu? Murja ta tambaye ni ko ba na son ta ne. Na ce ranar da ta rasu babu wanda ya kai ni kuka. Sai ta tambaya ko shi ma kamar wasan kwaikwayo ne, kowa da maganar da zai faɗa. Na ce haka ne, ni na faɗi tawa, tata nake jira. Ta tashi ta fita.

Ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba. Ki taya ni addu'a. Ita kaɗai ce abokiyar hirar da nake sa rai da ita a garin nan.

Yayanki,
Maharazu

22 ga Maris, 1976

Ƙanwata Hansai,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Allah ya ƙara miki lafiya.

An yi wasan shekaranjiya bayan azahar. Murja ta koma tun wancan makon, amma magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba. Zauren ya cika, ɗalibai da likitoci da matansu, har da Turawa maƙwabta. An zaunar da ni a gaba. Labulen ya maƙale, mai neman akuya ya manta maganarsa ya ƙarasa da Turanci, Rhoda kuwa ta yi dariyarta. Kowa ya tafa.

Murja tana tsakiyar tallar ƙosai tari ya sarƙe ni, irin mai tsawon nan. Sai ta dogara sandarta, ta tako bakin dandamali, ta nuna ni, ta ce da Hausa tsantsa, da ƙarfi: "Kai tsoho mai kan tulu, ka ishe mu da tari! Wai yaushe za mu ci gumbarka ne?"

Hansai, manyan da ke zauren dariya har da riƙe ciki. Turawa suna ta waige-waige. Ni kuwa tari da dariya da hawaye suka haɗe mini. Da na sami numfashi na ce ba yanzu ba, mai ƙosan da ba ya sayuwa.

Kan tulu ni na gaya mata, amma ban taɓa yi mata zancen gumbar da jikoki ke ci in kaka ya rasu ba. Da na waiwaya sai na ga Khadijatu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya. A nan na gane mai koyarwar.

Murja ce ta riƙe mini hannu har gida. Tun daga ranar kullum sai ta shigo ɗakina ta tsokane ni, rabi Hausa rabi Turanci.

Ran Alhamis za a kwantar da ni a asibiti, likita yana so ya sake duba ƙirjin. Kada ki tayar da hankalinki. Amma ina da roƙo. In ta Allah ta kasance, a nan ko a gida, ki daka gumba da hannunki, ta gero mai kyau, ki sa zuma, ki ba duk wanda zai hawo jirgi ya kawo wa Murja. Ba ta taɓa ganin gumba ba, ta ɗauka wani irin kek ne. Ta tambaya a gaban jama'a, kuma haƙƙinta ne.

Wassalam.

Yayanki,
Maharazu