Juma'ar da Baba Ya Ba Ni

Faskari.

Zuwa ga Yaya Zulfa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririya da maigida Malam Muhammad. Ya jego? Ya Ƙanƙara? Tunda aka katse mana sabis ɗin waya na koma alƙalami, sai ki yi haƙuri da rubutun wanda bai gama firamare ba. Yahuza direba zai kawo maki.

Albishirinki. Baba ya yarda za mu kai Hajiya Kaka ta ga ƙanenta Malam Gide, can ƙauyensu arewa da Dakwaro, a ƙasar Nijar. Kin san rabonta da shi tun ba a haife mu ba, ga idonta kullum ƙara dushewa yake. Ta ce ita dai a kai ta ta taɓa fuskarshi tun tana da sauran gani.

Daga Dakwaro kwalta ta ƙare, sai rairayi. A-kori-kurar Baba za mu ɗauka, wadda na kwashe damina ina kwance ƙarƙashinta. Na karanta duk abin da na samu a kan tuƙin yashi, har tsohon littafin motar da ɓera ya ci rabi. Na tanadi safaya biyu da shebur, da katakon da za a sa ƙarƙashin taya in ta nutse. Mai kam sai Maraɗi, tunda an hana sayarwa a jarka. Na ce a yashi rage iskar taya ake yi, Kawu Salihu ya ce wai littafi ya taɓa mani kai. Mutumin da iyakar tafiyarshi Tafoki, nan kusa da mu!

Baba ya ja ni gefe ya ce ranar Juma'a za mu tashi, ta Ƙanƙara za mu bi. Ki shirya, Hajiya za ta ga jaririya.

Ƙanenki,
Mas'udu.

Faskari.

Yaya Zulfa,

Ina gaisuwa, ina jaririya, Allah ya raya. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajeriya ce, raina a ɓace yake.

Gidan nan ba wanda ke shirin tafiya sai ni. Anti Mansura ta ce ita an ce mata sai bayan Maulidi. Kawu Salihu ya ce shi bai ma ji an tsai da rana ba. Kayan Hajiya ko wanki ba a yi ba. Jiya kuma na ga Baba da Ɗanliti, direban nan da ke kai mana masara kasuwa, suna zagaya motata suna ƙus-ƙus. Da na matso suka canza magana.

Kin gane mi ke nan? Ni aka ba Juma'a kamar a ba yaro alewa ya bar kuka. Za su bari sai bayan Maulidi, su ba Ɗanliti makulli, su bar ni da tsaron awaki. Dalili? Bakina. Kullum maganar ke nan, Mas'udu ba ya riƙe magana, Mas'udu baki gare shi. To wa ya gyara giyar? Bakina ko hannuna? Ɗanliti ko cikin taɓo ya maƙale sai ya kira jama'a, shi za a ba Hajiya cikin sahara?

Na fita na zauna teburin mai shayi na faɗa masu, na kuma faɗa a gareji: Juma'ar nan ni zan ja motar nan, ta Ƙanƙara, da Hajiya a gaba, wanda bai so ya sha ruwa. Mai shayi ya ce in rage murya. Na ce muryar tawa ce.

Yaya, ba tuƙin ne ya dame ni ba. Ina son sau ɗaya Baba ya dube ni ya ga mutum. In kin samu hali ki rubuto mashi.

Naki,
Mas'udu.

Ƙauyen su Hajiya, arewa da Dakwaro.

Zuwa ga Yayata Zulfa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutan gida duka. Mu nan lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Na san kin yi girki ranar Juma'a kin zauna jiran mu, na kuma san abin da kika ji daga baya. Ki kwantar da hankali, ba mu bi hanyar ba.

Ranar Laraba da hantsi Baba ya ce in kai masara Funtuwa, in tafi da Hajiya a duba mata ido. Na tashi ina ƙunƙuni. Shi ma ya shigo. Da muka kai Funtuwa ya ce in miƙe Malumfashi. Ashe jakunkunanmu da ruwa da katakona duk suna ƙarƙashin buhuna, Ɗanliti ne ya jera su. Ƙus-ƙus ɗin ke nan.

Bayan mun iso ƙauyen nan, Kawu Salihu ya bugo daga Zariya, inda ya je neman sabis. Ranar Juma'a mutanen daji sun tare hanyar Ƙanƙara a kan babura, suna tsai da motoci suna tambayar farar a-kori-kura mai ɗauke da tsohuwa. Har Yahuza suka tsayar. Da suka gaji suka koma, ba su ɗauki kowa ba. Yaya, na zauna cikin yashi ina kallon Hajiya tana shan fura.

Na ce wa Baba ashe da gangan ya ba ni Juma'a. Ya ce a garin da bango ke kai rahoto daji, dole a samu mai shelar ranar da ba ita ba, kuma duk Faskari ba wanda ake ji kamata. Na buɗe baki zan yi faɗa, ya ce: «Shelar kowa zai iya. Uwata ce ba zan ba kowa ya tuƙa ba sai kai.»

Yashin kuwa ya gwada mu. Mun nutse bayan wata rijiya, na rage iska, na sa katako, Baba da rawaninshi yana tura mota yana salati. Ki gaya wa Kawu Salihu.

Malam Gide ya fito da sanda. Hajiya ta shafa fuskarshi tun daga goshi har gemu, ta ce ya tsufa ya yi muni. Ya ce ita ma. Suka riƙe juna suna kuka, ni kuma na tafi duba taya, ko da yake lafiyarta lau.

Wani mai kai dabino Katsina zai sa maki wasiƙar nan a mota. Baba ya ja ni gefe ya ce Talata za mu dawo, ta Ƙanƙara. Na riga na faɗa wa duk wanda na gani. Ke ma ki faɗa wa maƙwabta. Amma kada ki ɗora tukunya.

Ƙanenki mai baki,
Mas'udu.