Jan Ƙarfe Ba Ya Narkewa a Ruwan Nan, Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga Shugaban cibiyar bitar jarrabawar Bak, ta kammala sakandare, da nake halarta a nan garin Diffa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali da malamanka, na zaɓi in rubuto a fili ne domin sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro, jarrabawa kuwa ba ta jiran taro.

Sunana Bukar, makanikin injin ban ruwa ne ni. Daga Diffa har ƙasan Assaga, da wuya ka sami manomin tattasai a bakin Komadugu da ban taɓa kwance masa inji ba. Na bar lakkol, wato makarantar boko, tun ina saurayi, yanzu da furfura a gemu na dawo neman Bak, ina zama a bencin baya ranar Asabar da yara sa'annin ɗana. Ba na jin kunyar haka. Abin da ya dame ni yana cikin takardar amsoshin kimiyyar sinadarai da kuka raba mana.

Na ɗaya. A jarrabawar gwaji an tambaye mu: idan aka tsoma wayar jan ƙarfe cikin ruwan sulfat na baƙin ƙarfe, wani abu zai faru? Na ce babu abin da zai faru. Dalilina shi ne ƙarfin jan ƙarfe a jadawalin ƙarfin karɓar elektiron +0,34 ne, na baƙin ƙarfe kuwa −0,44. Ke nan baƙin ƙarfe ne mai saurin sakin elektiron, jan ƙarfe ba zai sakar masa ba. Aka ja mini jan biro, aka ba ni sifiri. Da takardar amsoshi ta fito, sai na ga an juya lambobin biyu, an ba wannan na wancan. Duk lissafin da ya biyo baya a kife yake.

Na biyu. Na ɗaga hannu na faɗa wa Mushe, kamar yadda muke kiran malamin darasin, cikin ladabi. Ya ce takardar daga sama ta zo, shi ba ya taɓa abin da ya zo daga sama, kuma in bar kimiyya ga masu ita in riƙe sufanata. Aji ya kwashe da dariya. Wallahi na ji zafin maganar nan, har yau ina jin ta. Amma sufanar ce ta koya mini abin. Duk inda aka ɗaure ƙusar baƙin ƙarfe jikin jan ƙarfe a bututun da ruwa ke bi, ƙusar ce ke cinyewa ta zama gari, jan ƙarfen yana nan garau. Ban taɓa ganin akasin haka ba, kuma hannuna ya daɗe cikin laka.

Na uku. Don kada a ce taurin kai ne na tsoho, na gwada a gida. Na narka garin shuɗin nan da manoma ke fesa wa shuka, wato sulfat na jan ƙarfe, a kofin shayi na gilashi, na jefa ƙusoshi. Kafin ruwan shayina ya tafasa sun yi jawur. Baƙin ƙarfe ya tashi daga sifiri zuwa +2, jan ƙarfe ya sauko daga +2 zuwa sifiri ya manne a jikinsu. Na bar su har shuɗin ya gushe ruwan ya koma tsanwa-tsanwa, wanda shi ne ainihin ruwan da ke cikin tambayarku. Na tace shi, na tsoma wayar jan ƙarfe. Kwana uku ke nan, wayar tana nan yadda na sa ta. Maiɗakina har ta fara tambaya ko ta rasa kofinta ke nan.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Sifirina ba komai ba ne, na san abin da zan rubuta ranar jarrabawa. Amma akwai Falmata, yarinyar da ke zama gabana, wadda ke zuwa daga Assaga duk Asabar. Ita ma amsar daidai ta rubuta. Bayan dariyar nan na ga ta da idona ta goge bayanin da ke cikin littafinta, ta kwafi na takardarku. Da na yi mata magana, ta ce ai Baba Bukar, takardar cibiya ba ta ƙarya. Yanzu takardar tana yawo a wayoyin ƴan aji, kowa na haddace ta. Yarinya ta gane abu da kanta, mun koya mata ta daina yarda da kanta. Wannan ne ba zan yi shiru a kai ba.

Don haka ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka sa wani malamin ya duba shafin nan da jadawalin kowane littafi. Idan ya tabbata, a fitar da gyara, a tura shi ta hanyar da kuskuren ya bi, a kuma mayar wa duk wanda ya amsa daidai makinsa. Ba na neman a ci mutuncin Mushe, mutum ne mai ƙoƙari, kuma ba shi ya buga takardar ba.

Ranar Asabar zan zo da kofuna biyu in ajiye a teburin aji, kowa ya kawo ƙusarsa da wayarsa. Idan wayar ta canja, zan tsaya gaban yaran nan in ce na yi kuskure, in nemi gafarar Mushe. Idan ba ta canja ba, ina so Falmata ta ji daga bakinka cewa amsar da ta goge ita ce daidai.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa cibiyar nan ta fitar da yara masu sani, ya ba mu nasara baki ɗaya.

Wassalam.

Naka ɗalibi,
Bukar Makaniki, bencin baya.